Ledojin Kantar Sama

Litinin, 4 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Ina fatan takardar nan ta same ki lafiya, ke da mutanen gida duka. Yaya gwiwar? Inna ta ce in tambaye ki ko kina shan maganin, ko kuwa har yanzu yana kan taga kuna kallon juna. Ita ma hawan jinin ya sauka, baki ne dai bai sauka ba. Na kira wayarki sau biyu, surukarki ta ce kin ce injinan asibiti sun tafi da kunnuwanki, duk mai magana da ke ya rubuto. To ga shi na rubuto, direban tasha zai kawo miki.

Baba ya sha cewa ke da shi kaka kawai kuka haɗa, amma a duk dangi babu wanda ya san aikin wanki kamarki, shekara ashirin da shida kina shugabar ɗakin wanki na asibiti. Shi ya sa na zo da damuwar shagona. Aiki dai alhamdu lillahi. Mun ƙara injin busarwa, mun samu otal biyu suna ba mu zannuwan gado. Mu biyar ne yanzu: ni, masu wanki biyu, Mai Rasit da ke karɓar kaya a gaba, sai Mai Guga. Akwai kuma Direba da ke kai kaya gidajen mutane.

Maganar Mai Guga ce. Shekararta huɗu a wurina, kuma ban taɓa ganin hannu irin nata ba, in ta goge riga sai mai ita ya ji kunyar zama da ita. Kafin in zo buɗe shago tana bakin ƙofa. Ranar hutunta ma sai ta ɓullo, wai ta manta wani abu, daga nan ta kama dutsen guga. Ɗakin gugar nan kamar tukunya yake don zafi, amma kullum cikin riga mai dogon hannu take. Ba ta hira, ba ta faɗa. Har nakan ce da ina da irinta biyu da na yi ƙiba.

To makon jiya na hau kujera zan share kantar sama, inda muke ajiye kayan da masu su ba su zo karɓa ba, sai na tarar da ledoji bakwai a can lungu. Kowace da tikitinmu a jiki, amma babu suna, babu lambar waya, kuma rubutun na Mai Guga ne, alhali ba ita ke rubuta tikiti ba. Na tambayi Mai Rasit, ta ƙyalƙyale da dariya kamar yadda ta saba, ta ce ita ba ta san komai ba. Ita dai ba a raba ta da dariya da labarin kirkin mijinta, don haka ban samu komai a wurinta ba.

Zargina shi ne Mai Guga tana karɓar aikin mutane a ɓoye, tana yi da sabuluna da wutata. Abin ya yi mini zafi, Gwaggo, don ban taɓa hana ta komai ba. Kuma ina jin kunyar mijinta. Mutumin kirki ne, mai gyaran wuta, shi ya gyara mana fanka ya ƙi karɓar ko sisi. Kullum shi ke kawo ta, shi ke ɗaukarta. Yakan tsaya ya duba jadawalin aiki da muka manna a bango don kada ya makara, in rana ta yi kuma ya kira wayar shago ya ji ko ta ci abinci. Na ce wa nawa maigidan ya zo ya ɗauki darasi.

Ki ba ni shawara. In tsare ta in tambaye ta, ko in fara yi wa mijin magana a hankali?

Taki,
Auta

Asabar, 9 ga wata

Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta zo. Muna lafiya, gwiwa tana nan yadda kika san ta, magani kuma ki gaya wa Innarki ina sha ranar da na ga dama. Ki gaishe ta, ki shafa mini kan yara.

Na karanta maganar Mai Guga sau uku. Kada ki yi wa mijin magana. Kada ki tsare ta a gaban kowa. Ledojin nan ki bar su inda kika gan su, ko matsar da su kada ki yi. Ban yarda sata take miki ba, wanda ke cin amanar shago ba ya manna wa abin da ya ɓoye tikiti.

Ki lura mini da abu biyu ki rubuto. Ledojin nan tare suka zo, ko ɗaya bayan ɗaya suke ƙaruwa? In wayar shago ta yi ƙara da rana, me hannunta yake yi?

Ki tausaya wa baiwar Allah nan, ki sassauta mata, ki buɗe idonki a kanta fiye da yadda kike buɗe shi a kan sabulu. Mu da muke riƙe da mutane muna ganin aikinsu, su kansu ba ma ganinsu.

Akwai wani abu da ya kamata in gaya miki, na ɗauki biro sau biyu hannuna ya ƙi. Tun da takardarki ta zo nake jin ƙarar tayar wani amalanke da muke tura zannuwa da shi a asibiti. Ni da ko sallamar baƙo ba na ji, wannan ina jin ta ras, ina wanke kwano da rana tsaka sai in ji ta bi ta bayana. Wataƙila tsufa ne. Zan gaya miki in na samu ƙarfi.

Gwaggonki

Lahadi, 17 ga wata

Gwaggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, sai ƙaramin ne ya yi mura ya warke. Ƙarar da kike ji ki je a duba miki kunnen, kada ki zauna da ita.

Ba zan ɓoye miki ba, takardarki ta sosa mini rai. Wato ni ce mai ganin sabulu ba na ganin mutane? Na kwana biyu ina juya maganar, daga baya na ce bari in nuna wa Gwaggo ba haka nake ba.

Na farko dai ki yafe mini, na buɗe leda ɗaya. Kin yi gaskiya, ba aikin kowa ba ne. Kayanta ne da na 'yarta mai shekara shida: zannuwa, 'yan riguna, wata rigar sanyi ruwan ɗorawa. A cikin rigar matashi kuma na ga takardar haihuwar yarinyar da katin asibiti da takardar shaidar makarantar ita uwar. Sai tausayi ya kama ni. Ashe nata wankin take yi a nan tana jin kunyar faɗa, har takardunta ta manta a ciki. Na mayar na ɗaure, ban ce mata komai ba.

Tambayoyinki: ledojin ɗaya bayan ɗaya suke ƙaruwa, yanzu takwas ne. In waya ta yi ƙara kuma takan ɗaga dutsen guga ta tsaya cak har sai an ajiye. Ban ga abin da wannan zai gaya miki ba.

Ranar Alhamis ta zo da wuyan hannunta na dama a kumbure, ta ce santsi ya kwashe ta a banɗaki. Nan na tuna maganarki ta sassauci. Na ce mata daga Asabar ta tafi hutun mako biyu, albashinta ba zai taɓu ba. Gwaggo, sai matar nan ta riƙe teburin guga da hannun mai lafiyar kamar za a ƙwace mata shi.

“Zan iya da hagu,” in ji ta. “Don Allah ki bar ni in riƙa zuwa, ko ninki ne in yi.”

Na ce ba ni ba wannan zalunci. Da na ga za ta yi gardama, sai na jira mijin ya zo ɗaukarta na gaya masa da kaina. Ya yi ta godiya har ya ba ni kunya, ya ce dama ya daɗe yana so ta zauna a gida ta huta. Ita kuwa ko kallona ba ta yi ba da za su tafi. Na bar shi a kan kunya ce.

Ban tsaya nan ba. Ranar Juma'a za mu kwashe kantar sama, na ce Direba ya kai mata ledojinta takwas har gida, ta san na gani kuma ban yi fushi ba. Yanzu sai ki faɗa mini ko har yanzu sabulu nake gani.

Taki,
Auta

Juma'a, 22 ga wata

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Ba zan tsaya dogon gaisuwa ba. Motar direban tasha ta lalace a hanya, sai yau da hantsi takardarki ta iso. Ina gama karantawa na sa surukata ta tura miki saƙo ta waya cewa kada ledojin nan su bar shago. Allah ya sa ya same ki kafin Direba ya tashi. Laifina ne, na yi miki magana a dunƙule don ina tsoron buɗe tawa.

Akwai wata da ta yi aiki a ƙarƙashina, muna ce mata Sammako don kullum ita ke riga kowa zuwa. Ita ke tura amalanken zannuwa daga ɗakunan majinyata zuwa wurinmu, mai tayar nan da ke kuka. Ba ta son ranar hutu. Tana yawan faɗuwa a banɗaki, tana yawan buguwa da ƙofa. Mijinta mai fara'a ne, yana ce mini Mama, yana riƙe mini jaka. Da hannuna na kwafe masa jadawalin aikinta, don ya ce yana so ya riƙa zuwa ɗaukarta a kan lokaci.

Wata rana ta zo tana ɗingishi. Na ba ta hutun kwana goma. Ta roƙe ni, ta bi ni har bakin injin tana cewa ko kwana huɗu in bar ta ta ƙara, zuwa Alhamis kawai. Na yi mata dariya, na ce aikin ba zai gudu ba. Na koma gida ranar ina jin ni ce shugabar da ta fi kowa tausayi.

Ranar Alhamis da azahar mai gadi ya ce wani yana ƙofar baya tun ɗazu yana neman Sammako. Na fita, ashe wanta ne, ya zo daga nesa da motar aro. Na ce masa tana hutu, ni na ba ta. Na faɗa da alfahari, Auta. Ya dube ni, ya dafa motar. Ya je gidan, mijin ya ce ba ta nan.

Ranar Asabar aka kawo ta asibitinmu, wai ta faɗo daga bene. Ban sani ba. Zannuwan gadonta sun sauko wurinmu tare da na kowa, ni na zuba su a inji, har na yi mitar jinin ya yi yawa. Sai da yamma wata nas ta zo ta gaya mini ko na wane ne.

Bayan rasuwarta, da aka fasa kwaɗon akwatin ajiyarta na wurin aiki, mun tarar da takalman ɗanta, kayan sawa a ninke ƙanana ƙanana, takardun haihuwa, da jadawalin aiki da ta zagaye ranar Alhamis da jan biro. Wata biyar tana fitar da kayanta ɗaya ɗaya a ƙarƙashin rigar aiki. Wurin aiki ne kaɗai inda mijin ba ya iya shiga, kuma daga nan ta shirya tafiya. Ni na rufe mata ƙofar na mayar da ita gida. Shekara goma sha tara ke nan, ko babanki ban taɓa gaya wa ba.

Mai Guga ba wanki take yi ba. Ƙaura take yi, kuma shagonki ne hanyarta.

Yanzu ki saurare ni. Ki dawo da ita aiki, amma kada ki je da fuskar tausayi, in mijin ya ga tausayi zai san kin gane. Ki je a muguwar uwar ɗaki, ki ce aiki ya yi yawa kin soke hutun, don kada laifin fitowar ya hau kanta. In ta dawo, ki same ta ita kaɗai inda ba mai ji. Kada ki ce mata ta bar shi, kada ki ce ta yi haƙuri, kada ki tara dangi ko ki kira hukuma ba da saninta ba. Ta fi ki sanin mutumin da take zaune da shi da ranar da ya fi haɗari. Ki tambaye ta abin da take so, ki yi shi daidai yadda ta faɗa. Sai fa in kin ga ranta na cikin haɗari a gabanki, nan kam ki kira duk wanda za ki kira.

Ki cire jadawalin nan daga bango. Ki hana kowa faɗa wa mai kiran waya ko tana nan ko ba ta nan. Ki nemo ofishin da ke taimakon mata irinta, ki riƙe lambarsu a kanki, kada ki ba ta a takarda ta tafi da ita gida. Kuma daga yau kada ki sake yi wa ma'aikaciyarki alheri ba ki tambaye ta ko tana so ba.

Ki rubuto mini ko da layi ɗaya ne.

Gwaggonki

Talata, 26 ga wata

Gwaggo,

Ina gaishe ki. Lafiyar jiki dai muna da ita.

Saƙon surukarki ya shigo Direba ya riga ya tafi da kusan rabin awa. Na ɗan yi tsaki ma, na ce Gwaggo da fitina, amma na kira shi. Ya ɗauka yana ƙofar gidan, ya sauke leda biyu, mijin na tsaye a kansu. Na ce ya mayar da su mota ya ce kuskure aka yi, kayan baƙin otal ne. Allah ya yi wa Direba albarka, bai tambaye ni dalili ba.

Da ya dawo ya ce mini mijin ya riga ya yage bakin leda ɗaya, ya zaro hannun rigar sanyin nan ruwan ɗorawa. Ya ce ta yi kama da ta 'yarsa, wadda uwarta ta ce ta ɓata a makaranta. Direba ya ce masa irinta sun cika kasuwa. Sai mijin ya yi murmushi, ya mayar da hannun rigar ciki, ya taya shi loda ledojin a mota, har ya ce a gaishe ni.

A lokacin ban ga komai a ciki ba. Takardarki ta zo ranar Lahadi. Na karanta ta a tsaye a ɗakin guga, da na kai wurin jan biro sai na zauna a kan kwandon kaya. Shekara huɗu matar nan tana gabana. Na ga dogon hannun riga, na ga yadda take daskarewa in waya ta yi ƙara, na rubuto miki su da hannuna kamar labarin dariya. Ni na riƙa ɗaga waya ina ce masa ga ta nan, ta fita sayen ruwa, ta dawo.

Jiya na je gidan tare da Direba. Na ɗaure fuska kamar yadda kika ce. Mijin ya fito ya tsaya a bakin ƙofa, ya cika ta. Na ce otal sun turo kaya sun fi ƙarfinmu, na soke hutu, ina son ta ranar Laraba ko da hannu ɗaya ne.

“Ai ke kika ba ta hutun,” ya ce, yana murmushi. “Zazzaɓi take yi, tana barci.”

Na ɗaga murya yadda na ciki zai ji, na ce ni ba gidan marayu na buɗe ba, in ba ta zo ba akwai masu neman wurinta. Takalmanta suna bakin ƙofa, na yarinyar a gefensu. Na dubi taga, labule a sauke, bai motsa ba. Babu motsin komai a gidan, ko na yaro.

Na cire jadawalin, na mayar da ledojin kantar sama, na liƙe wadda ya yaga. Na samo ofishin, na yi magana da wata mata a can ba tare da na ambaci kowa ba. Gobe Laraba. Gwaggo, in ba ta zo ba fa?

Auta

Lahadi, 15 ga sabon wata

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Yau kwana goma sha tara rabona da takardarki. Kullum sai na sa a kai ni tasha, direban har ya fara kauce mini. Na sa surukata ta kira ki, ta ce kin ce lafiya lau kin kashe wayar. Lafiya lau ɗin nan na san ta, ita na riƙa ce wa mutane shekara goma sha tara.

In abin da nake tsoro ne ya faru, ki gaya mini. Ba zan zarge ki ba, ba ni da bakin zargin kowa. Abin da ba na so shi ne ki riƙe shi ke kaɗai kamar yadda na yi, yana cin mutum a hankali. In kuma tana raye kina shiru don wani dalili, ki turo mini farar takarda ko babu rubutu, zan gane.

Amalanken yanzu ba ya wucewa. Yakan zo daidai bayana ya tsaya, kamar yadda Sammako take tsayawa in tana jira in sa hannu a takardar karɓar zannuwa. Ba na juyawa.

Gwaggonki

Alhamis, 26 ga wata

Gwaggo,

Assalamu alaikum. Tana raye. Na sa wannan a farko don ki zauna ki karanta sauran da numfashi. Muna lafiya, Inna tana gaishe ki.

Ki yafe mini shirun. Ita ta roƙe ni kada in faɗa wa kowa komai, ko a waya ko a takarda, don mijin yana gyaran wuta a tasha, ya san direbobi da yawa. Ko farar takardar da kika ce ban yarda in tura ba. Kin ce in yi abin da ta faɗa daidai yadda ta faɗa, to har ke abin ya shafa. Sai jiya ta aiko cewa zan iya gaya miki.

Ba ta zo ranar Laraba ba, ba ta zo Alhamis ba. Kwana biyun nan ban san abin da na goge ba, na ƙona wa wani kwalar riga. Ranar Juma'a ya kawo ta. Tana tafiya a karkace, hannunta a kan haƙarƙari. Na balbale ta da faɗa a gabansa har ya fara ba ni haƙuri. Yana fita na kai ta ɗakin busarwa, na kunna injinan biyu don kada a ji mu. Na ce mata na buɗe leda ɗaya, na aika su gidanta cikin rashin sani, na yi mata babban laifi. Na ce ba zan sake yanke mata komai ba, ta faɗa mini abin da take so.

Ta daɗe tana ninke rigar matashi ɗaya, ta warware, ta sake ninkewa. Sannan ta ce, “In ya kira, a daina cewa ga ni nan.”

Iyakar abin da ta ce ke nan ranar. Ban matsa mata ba. Sauran ya fito a hankali cikin kwanaki. Rigar sanyin nan ta jawo mata karayar haƙarƙari biyu, kwana uku yana tambayarta yadda aka yi rigar ta je shago. Wannan nawa ne, Gwaggo, zan ɗauke shi har ƙarshen raina.

Ga abin da ta nema. Ranar Laraba ta riƙa fita da Direba a matsayin mai raka kayan otal, a sauke ta asibiti ko ofishin nan, a dawo da ita kafin lokacin tashi. Ta riƙa amfani da wayata, don yana duba tata. Kada a sa ta aiki kusa da ƙofar gaba. In ta ce mini dutsen guga na biyu ya lalace, to in san ranar ba lafiya, kada in bar ta ta bi shi. Na so ta tafi tun makon farko, har na kusa faɗa, na tuna ki na haɗiye. Ta ce saura takalman makarantar yarinyar da wata takarda daga ofishin, kuma ranar ita za ta zaɓa.

Ta zaɓi Larabar makon jiya. Da ƙarfe goma sha ɗaya muka sauko da ledoji tara muka jera a mota tsakanin zannuwan otal. Ta goge rigar da ke kan teburinta har ƙarshe, ta rataye, ta kashe dutsen, ta fita ta ƙofar baya. Ita da Direba suka biya makaranta suka ɗauki yarinyar. Inda take ban sani ba, kuma na ce kada a gaya mini.

Da yamma ya zo ɗaukarta. Ya dubi bango, babu jadawali. Ya tambayi Mai Rasit, ina tsaye a bayanta, masu wanki da Direba suna bakin ƙofar ciki kamar yadda muka shirya. Ban taɓa ganin fuskar Mai Rasit babu dariya ba sai ranar.

“Ba ma ba da bayanin ma'aikata,” ta ce masa. “In kana da kaya, kawo tikiti.”

Murmushin ya bar fuskarsa, na ga mutumin da take zaune da shi. Ya buga tebur, ya yi barazana, na kira hukuma a gabansa, ya fita. Ya dawo sau biyu ya tsaya a tsallaken titi. Mun kai rahoto, yanzu ba mai rufe shago shi kaɗai.

Na ba ta labarin Sammako kafin ta tafi, ki yafe mini. Ta ce in gaya miki Alhamis ɗin Sammako ta wuce, amma ke kika riƙe mata tata Larabar. Ban sani ba ko wannan zai sa amalanken ya wuce. In bai wuce ba, ki zo ki zauna da mu, a ji shi tare.

Bayan ta tafi na tara ma'aikata na ce kantar sama ta daina zama ta kayan da aka manta. Duk wanda ke da abin da yake so ya ajiye ya sa a nan, ba mai buɗewa, ba mai tambaya, in kuma yana son magana ɗakin busarwa yana nan. Mai Rasit ta yi dariya ta ce shago ya zama banki.

Yau da safe na hau kujera zan share kantar, na tarar da leda ɗaya a lungu. Tikitin babu suna, babu lambar waya. Shekara tara Mai Rasit tana rubuta mini tikiti, ba ta taɓa barin wurin lambar waya a buɗe ba. Ina saukowa na ji ta a gaba tana ba wata mata labarin kirkin mijinta, suna ta dariya.

Ban buɗe ba, Gwaggo. Na matsar da kujerar, na bar mata wuri.

Taki,
Auta